Neman kalmar Hausa: ofishin da ke tsayar da darajar filaye da gidaje, da jami'in da ke kan ma'aikatansa

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. An ba ni aikin fassara wani ɗan littafin horar da ma'aikata, kuma jibi Alhamis da hantsi ake son in miƙa shi. Littafin yana bayani ne a kan aikin jami'in da ke kan ma'aikata a wani ofishi na ƙaramar hukuma, ofishin da ke tsayar da darajar filaye da gine-gine domin a san abin da kowane mai gida zai biya na haraji. Kalmomi uku ne suka tsaya mini a wuya, wato "assessment" da "technical staff" da "supervisor". Da farko na rubuta "ofishin harajin gidaje", amma da na kai babi na biyu sai na ga marubucin ya nanata cewa wannan ofishi ba ya yanke haraji, ba ya kuma karɓarsa. Iyakar aikinsa shi ne ya ce gida kaza darajarsa kaza ce a rana kaza, ya shigar da ita cikin kundi, sannan wata hukuma dabam ta tsayar da kason da za a biya, wata kuma ta karɓa. Ma'aikatan da ake nufi kuwa su ne masu fita su auna gini, da masu zana taswira, da masu shigar da bayanai a kwamfuta, da masu lissafi. Ina neman shawararku.

Ma'aikacin Rediyo:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki sa "Ofishin Kimanta Kadarori", shi ne abin da kunne zai ɗauka ba tare da an yi masa sharhi ba. Ki guji "tantancewa", domin ta riga ta zama kalmar binciken takardun 'yan takara da na ma'aikata, kuma wanda ya ji ta zai ɗauka ana neman sanin wanda ya mallaki gidan ne. Sauran biyun kuma "ma'aikatan fasaha" da "mai sa ido".

Malamar Makaranta:
Na yarda da "kimanta", amma "kadara" ta yi faɗi. Mota kadara ce, dabba kadara ce, har sarƙar zinariya kadara ce, alhali wannan ofishi ba ruwansa da abin da ake iya ɗauka a tafi da shi. "Filaye da gine-gine" ya fi tsayi, amma ba ya ɓatar da mai karatu. "Mai sa ido" kuma ban so shi ba ko kaɗan, domin a bakin mutane 'yan sa ido su ne masu bin diddigin abin da bai shafe su ba, kuma ba na zaton ma'aikaci zai saki jiki da shugaban da takarda ta kira shi da wannan suna.

Tsohon Safiyo:
Malama Mai Fassara, kin yi daidai da kika janye kalmar haraji daga sunan ofishin. Na yi shekaru ina irin wannan aiki, kuma babu abin da ya fi wahalar da ma'aikacinmu a bakin ƙofar mutane kamar a ɗauka mai karɓar kuɗi ne. Da zarar mai gida ya ɗauka haka, sai ya ɓoye ɗakin da ya ƙara a baya, ko ya ce ginin ya fi shekarunsa tsufa.

Bari in faɗi abin da jami'in nan yake yi, wataƙila kalmar ta fito daga cikin aikin. Hanyoyi uku ne aka sani na tsayar da darajar gini. Ana kwatanta shi da makamantansa da aka sayar kwanan nan. Ko a lissafa abin da zai ci a sake gina irinsa yau, a cire abin da tsufa ya rage masa, a ƙara darajar filin. Ko kuma, idan na haya ne, a duba abin da yake kawowa a shekara. Ofishin ƙaramar hukuma ba gida ɗaya yake kimantawa ba, dubbai ne a lokaci guda da ma'auni guda, saboda haka kuskure ɗaya a cikin ma'aunin yana iya cutar da unguwa sukutum. Shi jami'in shi ne yake raba wa ma'aikata shiyyoyi, ya karɓi katin kowane gida ya duba ko tsawo da faɗin da aka rubuta sun dace da zanen, ya ɗauki wasu katuna ya koma wurin da kansa ya sake awo. Na taɓa kama katin da aka rubuta bene a matsayin gidan ƙasa, don kawai ma'aikacin ya tsaya daga cikin mota bai sauka ba. Bayan haka sai ya gwada aikin gaba ɗaya da kasuwa: idan an kimanta gida a kan 80 aka sayar da shi 100, to alƙalamin, wato 80 a raba da 100, ya tsaya a 0.80. Ƙungiyar jami'an wannan aiki ta duniya, IAAO, wadda aka kafa a 1934 take kuma da mazauni a Amurka, ta ce matsakaicin wannan alƙalami ya kamata ya faɗa tsakanin 0.90 da 1.10. Abin da ya fi muhimmanci ma shi ne ya tabbatar ba a danne masu ƙananan gidaje an sassauta wa masu manya ba, domin wannan cuta ce da ke shiga aikin ba tare da kowa ya nufe ta ba. Idan mai gida ya ɗaukaka ƙara, jami'in ne zai tsaya ya kare alƙaluman yaransa. Saboda haka ni "mai duba aiki" nake kiransa.

Dattijon Harshe:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma raina bai yi daɗi ba. "Kimanta" daga ƙima take, ƙima kuwa Larabci ce. Daraja Larabci ce, haraji Larabci ce, fasaha Larabci ce, ofis Turanci ne. An gina jimla guda babu tubalin Hausa a cikinta in ban da "da". Shin Bahaushe bai san awo ba ne sai da baƙi suka zo? Muna da "auna", muna da "ma'auni", kuma harshen ya ba mu hanyar ƙirar sunan wuri kamar yadda aka ƙera ma'aikata da makaranta da majema. Ni shawarata ita ce a kira ofishin Ma'aunar Gidaje, ma'aikatansa ma'auna, shugabansu kuma Sarkin Awo. Idan kuma ana son abin da ke da tarihi, a zamanin mulkin Turawa akwai malaman taki, waɗanda suke auna gonaki da takun ƙafa domin a san harajin da za a ɗora musu. Aikin nan jikan wancan ne, me zai hana a gaji sunan?

Malamar Makaranta:
Allah ya gafarta Malam, ƙirar "ma'auna" daidai take a nahawu, ba mai ja da wannan. Matsalar ita ce wurin da masu aikin duk "ma'auna" za a rubuta su, mai karatu ba shi da karin sautin da zai raba masa su a kan takarda. Haka "taki": duk wanda ya ga "malamin taki" yau zai ɗauka jami'in rabon takin zamani ne.

Tsohon Safiyo:
Ranka ya daɗe, akwai abin da ya fi rubutun nauyi. Awo girma yake nunawa, ba ya nuna daraja. Gidaje biyu suna iya zama tsawo ɗaya faɗi ɗaya, ɗaya a bakin babban titi ɗaya a kan hanyar ruwa, igiyar awo za ta ce daidai suke, kasuwa kuwa ba za ta taɓa cewa haka ba. Awo shi ne matakin farko kawai. Idan aka sa wa ofishin sunan awo, mai gida zai zo da igiyarsa ya ce maƙwabcinsa ya fi shi fili amma an fi ɗora masa, kuma sunan da ke jikin allon ofishin zai goya masa baya.

Dattijon Harshe:
Alhaji, ba ka ji ana cewa a auna magana kafin a faɗe ta ba? Da igiya ake auna ta? Ana auna hankalin mutum, ana auna nauyin laifi. Kalmar ta daɗe da wuce mudu da sikeli, ku ne kuke ƙuntata ta. Abin da nake gani shi ne duk kalmar da ta fito daga Larabci sai a ba ta kujera a zaure, tamu ta gado kuma a bar ta a bakin ƙofa, wai ba ta dace da takardar hukuma ba.

Ma'aikacin Rediyo:
Baba, in dai gaskiya za a bi, a ofis ba wanda ke cewa "mai duba aiki" ko "Sarkin Awo", sufabaiza kowa yake cewa, kamar yadda ake cewa safiyo da sufeto da injiniya. Ni ban ga dalilin da zai sa a karɓi aron da ya shekara ɗaruruwa a ƙi wanda ya shigo jiya ba, alhali hanya ɗaya suka biyo.

Dattijon Harshe:
Ɗana, ni duka biyun nake ƙi idan muna da namu. Waɗanda suka ce jirgin sama, suka ce duba-gari, ba su jira aro ba, kuma ba su fi mu sanin harshen da komai ba sai yarda da shi. Ku da kuke riƙe da makirfo ku ne kuke koya wa yara cewa Hausa ba ta isa ba.

Ma'aikacin Rediyo:
Wannan magana ta yi mini nauyi, Baba. Kullum cikin minti kaɗan muke juya labaran duniya zuwa Hausa, kuma kalmomi da yawa da ake taƙama da su yau daga ɗakunan labarai suka fito. Mai sauraro ba ya iya tsayar da mu ya tambayi ma'ana, dole mu ba shi abin da ya sani.

Malamar Makaranta:
Ina roƙon a yi haƙuri a dawo kan buƙatar baiwar Allah nan, lokaci yana ƙure mata. Sai dai misalin duba-gari da Malam ya kawo ya taimaka, domin ya nuna "duba" ta riga ta zauna a matsayin kalmar jami'in da ke bin aiki ya ga ko an yi shi daidai, kuma Hausa ce tsantsa. "Mai duba aiki" na Alhaji ke nan, bai kamata a yi jayayya a kansa ba. "Sarkin Awo" kuwa sarauta ce, ba za ta shiga takardar ɗaukar aiki a tsakanin darakta da akawu ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikatan. "Ma'aikatan fasaha" zai kai hankali ga masu gyaran kwamfuta ko ma mawaƙa da marubuta. "Ƙwararrun ma'aikata" kuma yabo ne, ba sunan rukuni ba, tunda wanda aka ɗauka jiya yana cikinsu alhali bai ƙware ba tukuna.

Tsohon Safiyo:
To a nan ne awon Malam yake da gurbi. Abin da ya raba waɗannan ma'aikata da masu karɓar baƙi da masu ajiye fayil shi ne su awo suke yi da lissafi. A ce "ma'aikatan awo da lissafi". Masu taswira suna ciki, tunda taswira awo ce aka zana. Masu shigar da bayanai ne kawai sunan bai rufe su sosai ba.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan miƙa. Ofishin zai zama "Ofishin Kimanta Filaye da Gine-gine", jami'in kuma "jami'i mai duba aiki", sannan a farkon ambatonsa zan ƙara jimla guda da ke cewa shi ne wanda aka fi sani da sufabaiza, domin ma'aikatan da za su karanta su gane kujerar da ake nufi. Na ɗauki "ma'aikatan awo da lissafi", ko da yake a babi na biyar, inda ake maganar masu shigar da bayanai da masu kula da manhajar taswira, dole in ambace su da sunan aikinsu dabam, kuma ban gamsu da hakan ba. Akwai kuma wata matsala da ta taso yanzu: littafin ya bambanta "appraisal", wato ra'ayin ƙwararre a kan darajar gini, da "assessment", wato darajar da hukuma ta rattaba a kundi. Na sa wa ta farko "ƙiyasi", ta biyu "kimantawa", amma a kunnena kusan abu ɗaya suke.

Malamar Makaranta:
Ki bar "kimantawa" ga aikin gaba ɗaya, abin da ya shiga kundi kuma ki kira shi "darajar da hukuma ta tsayar". "Ƙiyasi" yana da ƙamshin kintace, mai gida ba zai so a ce a kan kintace aka ɗora masa haraji ba.

Dattijon Harshe:
'Yata, littafi naki ne, lokaci ma naki ne, ki miƙa abin da kika ga zai fisshe ki. Na karɓi "mai duba aiki" domin tamu ce. "Awo da lissafi" rabinsa ne nawa, lissafi ma ai aro ne. Amma ban janye Ma'aunar Gidaje ba, kuma idan za a sake buga littafin ina so a tuntuɓe ni kafin a tsayar da sunan ofishin.

Tsohon Safiyo:
Malama, kafin ki miƙa ki duba wurin da aka yi maganar sake zagaya gidaje. Ƙa'idar da aka saba ita ce a koma kowane gida a sake duba shi cikin shekara 4 zuwa 6, kuma wannan sake dubawa ce, ba sake kimantawa ba, kada kalma ɗaya ta ɗauke su duka biyun.