Wai waye zakaran PGA Tour na 2024, Scheffler ko Schauffele?

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu kallon golf a gidan nan ku warware min wani abu. Ni ɗan ƙwallo ne, na saba in kaka ta ƙare a duba tebur, wanda ke sama shi ne zakara shikenan. To amma PGA Tour ɗin nan na Amurka na kasa gane kansa, wasu na cewa Scottie Scheffler ne ya cinye kakar 2024 da kofi 7, wasu kuma sun ce ina, Xander Schauffele ne tunda ya ɗau manyan gasa biyu, ga kuma wani FedEx Cup da ake ta ambata. Wai ya lissafin yake ne, kuma tsakani da Allah waye ya fi?

Kawu_MaiSanda:
Wa alaikumus salam ɗana. A 2024 an fara ne watan Janairu a Hawaii, kusan kowane sati akwai gasa, Alhamis zuwa Lahadi, rami 18 kullum, 72 ke nan, wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci. Ran Juma'a ake tankaɗe da rairaya, a yawancin gasannin mutum 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da su ne ke wucewa, sauran kowa ya kama gabansa ko sisi babu, alhali ya biya jirgi ya biya otal ya biya mai ɗaukar masa jakar sanduna. Kowace gasa akwai maki, su ake tarawa har Agusta, sai a ɗebi 70 na sama su kara a Memphis, a rage zuwa 50, sannan 30 su je Atlanta wasan ƙarshe. Wanda ya ci can shi ke da FedEx Cup, kuma Scheffler ne ya ɗauka da dala miliyan 25 a kai. Manyan gasa huɗun kuwa, Masters da PGA Championship da US Open da Open ta Birtaniya, ba PGA Tour ke shirya su ba, amma makinsu na shiga lissafi.

Bakatsine01:
Oga babu ma gardama a nan wlh. Tun Tiger Woods a 2007 ba wanda ya ci kofi 7 a kaka ɗaya sai Scheffler, kuma ba ƙananan gasa ba ne, Arnold Palmer, Players wadda shi ne mutum na farko da ya taɓa cinta sau biyu a jere, Masters, RBC Heritage, Memorial, Travelers, ya rufe da na Atlanta, ban ma sa zinaren Olamfik na Faransa ba da ya yi bugu 62 ran ƙarshe ya taso daga baya ya wuce kowa. Da can matsalarsa ɗaya ce, ya kai ƙwallo bakin rami sai jefawa ta gagara, yana canza sandar gangarawa a watan Maris ya koma mai faffaɗan kai sai komai ya zauna.
Ni abin da ya fi tsaya min ma na watan Mayu ne a Louisville, lokacin gasar PGA Championship. Da asuba ana ruwa, hanya ta cushe saboda hatsarin da ya yi sanadin rasuwar wani ma'aikaci a bakin filin Valhalla, shi kuma yana ƙoƙarin shiga, 'yan sanda suka sa masa ankwa suka tafi da shi, har hotonsa da rigar 'yan kaso ruwan lemo ya zaga duniya. Mutumin nan da bakinsa ya ce a cikin sel ya fara miƙe jiki yana shirin wasa, aka sake shi ya dawo ya buga 66. Kafin wata ya ƙare aka janye tuhumar gaba ɗaya.

Hajiyar_Zongo:
Malam Bakatsine a dai yi a hankali. Wa ya ɗau kofin a Valhallan da kake magana? Schauffele ne, da bugu 21 ƙasa da ma'auni, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa filin, kuma sai da ya jefa ta ƙarshe a rami na 18 sannan ya tsere wa DeChambeau da bugu ɗaya tak. A Yuli ya je Royal Troon cikin iskar Sikotlan ya yi 65 ran Lahadi ya ɗau Open. Kuma kar ku manta tun da LIV, gasar hamayya mai kuɗin Saudiyya, ta kwashe su Jon Rahm da Brooks Koepka da DeChambeau, a 2024 ba sa buga gasannin sati-sati na PGA Tour, a manyan huɗun nan ne ake haɗuwa kowa da kowa. Can kuwa Schauffele biyu, Scheffler ɗaya.
Shi kansa na Atlanta ɗin ai da bugu 10 ƙasa da ma'auni aka fara wa Scheffler tun kafin a taɓa ƙwallo, saboda shi ne na ɗaya a maki, in ka cire wannan kyautar Collin Morikawa ne ya fi kowa a kwana huɗun. Shi ya sa ban yi mamaki ba da suka soke tsarin a 2025.

Bakatsine01:
Hajiya ba kyauta ba ce, guminsa ne na wata takwas. Kuma su 'yan wasan da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka ba shi gwarzon shekara karo na uku a jere, ko sun fi mu rashin sani ne?

Kawu_MaiSanda:
Ni ma Scheffler zan ba, amma maganar Hajiya kan LIV ba ta faɗi ƙasa ba. Dan_Fagge in kana son ka ga dalilin da ya sa ake girmama manyan gasa, nemi ramukan ƙarshe na US Open ta 2024 a Pinehurst a YouTube, ka ga yadda Rory McIlroy ya zubar da gajerun bugu biyu a rami na 16 da 18, DeChambeau kuma ya fito daga cikin rairayi ya ajiye ƙwallo dab da rami. McIlroy ko 'yan jarida bai tsaya wa ba, mota ya shiga.

Dan_Fagge:
Na gode Kawu, na gode Hajiya, yanzu kam na ɗan kama zaren. Saura ku faɗa min yadda kuke da bacci, don na duba na ga sai wajen sha ɗaya ko sha biyun dare agogonmu suke gamawa ran Lahadi, ga Litinin aiki.