Daidaita sifirin bawul da kamshaf a injin motar titi

Shawarar da makanikai suka fi nanatawa ita ce a zaɓi kamshaf (sandar ƙarfe mai tuddai da ke juyawa tana buɗe bawul, wato ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi a injin) tukuna, sannan a sayi sifirin da maƙerin kamshaf ɗin ya ƙayyade, wanda shi ke mayar da bawul ya rufe. Idan sifirin ya yi laushi, bawul ba zai rufe a kan lokaci ba sa'ad da injin ya ɗauki gudu, har fistin ya iya dukansa. Idan kuma taurinsa ya wuce kima, zai cinye tuddan kamshaf ɗin. Sun dage a auna, idan bawul ya buɗe gaba ɗaya a bar tazarar kimanin milimita 1.5 kafin zobban sifirin su haɗe. A tsohon injin Chevrolet 350 kuwa, mai sifirin biyu a kowane bawul, ɗaya cikin ɗaya, a cire na cikin yayin tashin farko na sabon kamshaf, injin ya yi minti 20 zuwa 30 yana juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti.