An auna ƴata a makaranta, yanzu ta ƙi cin tuwo

Uwar uku, Garwa: Salamu alaikum. Makon jiya aka jera ƴan ajin ƴata a tsakar makaranta, aka hau da su sikeli ɗaya bayan ɗaya, malami yana faɗar kilo da ƙarfi. Shekararta 10, kilo 42, tsawo mita 1.40. Suka rubuto wai ta yi ƙiba. Tun ranar yara ke kiranta buhun gero, ko ƙosan safe ta daina taɓawa. Haka ake yi?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Awon ba laifi ba ne. Ana raba nauyi da tsawo, a sake rabawa da tsawon: nata ya ba da 21.4. Babba sai sakamakon wannan lissafin ya kai 25 ake maganar ƙiba, amma yaro da jadawalin shekarunsa na Hukumar Lafiya ta Duniya ake duba shi. Ta ɗan haura abin da ya dace da shekarunta, ba abin tashin hankali ba. Kada ki rage mata abinci da kanki, ki kai ta asibiti tukuna.

Baban Iya, Kuseri: Mu nan rama muke tsoro. Da awo aka gano ƙaramina ya rame, ni ina cewa tsawo yake yi. A ci gaba da aunawa.

Malamar firamare, Garwa: A Ingila ma ana auna ƴan makaranta, amma a keɓe, iyaye ake aika wa sakamakon. Yaya, ki sami shugaban makarantar gobe, kafin a shiga aji.