Neman shawara: dabul bas ɗina ya tsage a hunturun nan, in gyara ko in sa a ƙera mani sabo?

Ɗan Rafindaɗi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina da dabul bas, ƙaton gogen nan na Turawa mai tsarkiya huɗu da ake kaɗawa a tsaye, tsawonsa ya kusa nawa. Asali ba nawa ba ne. Lokacin da na je bautar ƙasa Legas, gidan da na kama haya akwai wani dattijo a ɗakin ƙasa, tun ƙuruciyarsa yake kiɗa a otal-otal. Kullum bayan la'asar sai in ji wani sauti yana ratso daɓen ɗakina, ba ma a kunne ake jin sa ba, a ƙirji yake sauka. Da ɗebo masa ruwa muka saba. Shi ya koya mani yadda ake jingina shi a ƙugu, da yadda ake fizgar tsarkiya da gefen yatsa, har yatsuna biyu suka yi kanta. Ko sisi bai taɓa karɓa a hannuna ba. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya kira ni ya ce 'ya'yansa ba mai sha'awar abin, in ya mutu ƙarƙashin bene za a jefa shi, in tafi da shi. Kuɗin kujera uku na biya a mota, rungume da shi na iso Katsina. Bayan wata biyar aka bugo mani cewa ya rasu.

To ranar Talata da asuba na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Na haska fitila, sai ga tsaga a fuskarsa, daga ƙasan ramin nan mai kama da harafin f, ta yi ƙasa kamar taƙi guda. Gefe ɗaya kuma ya ɗage har farce na shiga.

Akwai kafinta a Ƙofar Ƙaura da ya ce aikin awa biyu ne. Akwai mai gyara a Legas. Sannan na yi magana da wani maƙerin irinsu a Romaniya ta intanet, ya ce zai ƙera mani sabo da hannu daidai tsawona a kan yuro 9,000, in ba da kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, in jira wata goma sha huɗu. Ina da ɗan fili a hanyar Batsari da zan iya sayarwa. Me kuka gani?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan malamin naka da irin alherin da ya yi maka. Amma ƙanena, fili fa ka ce? Kana da iyali kuwa?

Baban Khalifa:
Ni dai ba zan ba ka shawarar zuwa wurin kafinta ba. Tun kafin azumi na ba wani kuɗin gadon ɗiyata, an ɗaura aure, an kai amarya, har yau katifa a ƙasa take. Kullum sai ya ce katako bai bushe ba. In na gan shi a masallaci sai ya sauya sahu. Mutanen nan sai dai Allah.

Injiniya:
Malam, tsaya ka ji. Na zauna Jamus shekara shida, na je Markneukirchen, garin da ƙera irin waɗannan kayan kiɗa ce sana'arsu tun kaka da kakanni, na shiga shagunansu na ga aikin da idona. Abin da ya fasa maka kaya hunturu ne, ba wani abu ba. Fuskar dabul bas da itacen sufurus ake sassaƙa ta, baya da gefuna da mebul, allon da kake danna tsarkiya a kai kuma baƙin itacen nan ne ɗan'uwan kanya, wanda ake samowa daga irin su Kamaru. Damshin da itacen ke so cikin iska kashi 40 zuwa 60 ne cikin ɗari. Mu nan daga Disamba zuwa Fabrairu leɓenka ma tsagewa yake, balle allon da kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba, ga tsarkiyoyi suna jan sa da ƙarfin da ya haura kilo 100. Itace ya tsuke, ba inda zai je, dole ya fashe.

Gefen da ya ɗage kada ya dame ka, da gangan suke yin haka. Da gam ɗin fatar dabba suke liƙawa, wanda ake narkawa da ɗumi, kuma na fuskar suna tsinka shi don in iska ta bushe haɗin ya buɗe maimakon itacen ya tsage. Tsagar ce abin tsoro. Ka leƙa ta ramin, za ka ga wani ɗan ginshiƙi a tsaye tsakanin fuska da baya, kusa da ƙafar jakin da tsarkiyoyi ke hawa, ta ɓangaren siraran tsarkiyoyi. In ta kansa tsagar ta bi, sai an ɗaye fuskar gaba ɗaya an yi faci daga ciki. Wannan ba aikin awa biyu ba ne. Kuma kada ka kuskura ka bari farin gam na kafintoci ya taɓa wurin. Ka gaya mana: sassaƙaƙƙe ne ko na falange, wato siraran allunan da ake liƙawa ɗaya kan ɗaya? A ina kake ajiye shi?

Ɗan Rafindaɗi:
Na gode Injiniya. Sassaƙaƙƙe ne ina jin. A falo yake, jikin taga, don nan ne kawai yake shiga. Maganar gam kuma, gaskiya na ɗan shafa kaɗan ranar da abin ya faru, don kada tsagar ta ci gaba. Ba yawa, da tsinken ashana na sa. Duk wanda ya ga abin da na gani da asubar nan haka zai yi.

Injiniya:
Innalillahi. Ka ƙara wa mai gyara aiki ke nan, sai ya kankare wannan kafin nasa ya kama. Jikin taga kuma, a Janairu!

Ɗan Rafindaɗi:
Ai ya yi hunturu da yawa a wurin bai yi komai ba.

Jikan Sarkin Goge, Daura:
Ɗan'uwa, ni gadon abin na yi. Kakana da hannunsa yake haɗa goge: ya zaɓi ƙwarya mai kauri, ya rufe da fatar guza, ya ɗaure izgar doki, ya shafa ƙaro. In fata ta saki da damina sai ya ɗan kanga ta a wuta, in ƙwarya ta fashe ya sake wata, kiɗa ya ci gaba. Kayanmu da iskarmu aka yi su. Ka kwance tsarkiyoyin duka ka kawo shi Daura, akwai dattijon da ke sassaƙa garaya, hannunsa na da kyau, zai ɗora maka maɗaci a wurin. Abin da ke ba ni takaici, yaranmu za su kai miliyoyi Turai, amma mai haɗa goge a nan ba wanda ke tambayar ko ya ci abinci. Na ƙarshe a unguwarmu ya koma sayar da rake.

Injiniya:
Da girmamawa, kada ya kwance duka. Ginshiƙin nan ba a liƙe yake ba, nauyin tsarkiya ne ke riƙe da shi, yana kwancewa zai faɗi ciki. Ya dai sassauta kaɗan. Maɗaci kuma nauyi gare shi, zai kashe sautin. Goge daban, wannan daban.

Jikan Sarkin Goge, Daura:
To ai shi ke nan, mu da ba mu je Jamus ba sai mu yi shiru.

Malama Hajara:
Ni abin da na sani, ƙanen mijina yana da jita, da hunturu yana jiƙa soso ya sa a leda mai huji ya ajiye cikin jakarta. Ka matsar da shi ɗakin da randa take, ka rufe taga. Ba kuɗi za ka kashe ba.

Abban Sadiq:
Legas fa ta haura kilomita dubu. Ni firij na ba direba daga Kano kawai, ya iso ƙofa a hannu, ya ce haka aka ba shi. Har ofishin 'yan ƙungiya muka je, aka ce in yi haƙuri. In za ka kai, ka bi shi da kanka.

Injiniya:
Maganar sabo kuwa, ni ban hana ka ba, aikin hannu daɗinsa daban ne. Maƙeri na ajiye itace shekaru yana bushewa, ya yi ta ƙwanƙwasa allon yana saurare yana rage kauri har ya ji abin da yake so. A Cremona ta Italiya sana'ar har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2012. Amma kuɗin da aka gaya maka ba jirgi a ciki, ba kwastan, ba akwatin ɗauko shi. Kuma sabon ma iskar da ta fasa wannan ce ke jiran sa. Mutumin Katsina na falange ya kamata ya riƙe, ya fi jure bushewa nesa ba kusa ba, kuma filinka na nan.

Ɗan Rafindaɗi:
Na taɓa kaɗa na falange a Abuja, sautin a kunne ya tsaya, bai sauko ƙirji ba. Ba za ku gane ba sai kun ji. Maƙerin kuma ya ce zai yi mani wanda wuyansa ke cirewa don tafiya, har hoton itacen ya turo mani. Filin ma ai ba gini zan yi yanzu ba.

Maman Ilham:
Ba ka amsa mani ba, kana da iyali? Kuma in ka sayi sabo, amanar dattijon fa, ya za ka yi da ita?

Ɗan Rafindaɗi:
Yaya, ina da mata da yara biyu, ban gaya mata ba tukuna. Na dattijon ba zan taɓa sayarwa ba. Yanzu na leƙa da fitilar waya, Injiniya, na ga ginshiƙin, tsagar ta wuce kusa da shi amma ban tabbata ta kansa ta bi ba. Kafintan ya sake bugowa ya ce in kai gobe da safe ya duba kawai, ba zai taɓa ba.

Injiniya:
Kada ka kai.

Baban Khalifa:
In ka je Ƙofar Ƙaura ka tura mani sunansa ta akwatin sirri, ina zargin shi ne mai gadon nan.