Gurbin tashi ke cin tsere, ko doki?

Auta: Jama'a, ni na daina wahalar da kaina. A ba ni lambar gurbin da doki zai tashi, in faɗa muku ko yana da rabo. A tseren Kentucky Derby na Amurka, tun 1930 da aka fara amfani da ƙofar tashi, gurbi na 5 ya fi kowanne fitar da zakara. Na 17 kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ci ba.

Ɗan Lissafi: Auta, bi a sannu. Gurbi na 5 kusan kullum da doki a cikinsa. Na 17 sai in dawakin sun kai 17, kuma shekaru da dama ba su kai ba. Sannan na 16 ya ci, na 18 ma ya ci. Wane aljani ne ya zauna a tsakaninsu?

Kawu Mai Dawaki: Ku bar yaron nan, bai yi nisa da gaskiya ba, lambar ce ya ɗauko ba daidai ba. Ku dubi gurbi na 1, wanda ke jikin shingen cikin fili. Rabonsa da cin Derby tun dokin nan Ferdinand a 1986. Ana buɗe ƙofa, dawaki 19 ne ke zubowa wajen shinge, kowa na neman ciki kafin kwana ta farko. In dokinka bai fita da zafi ba, an rufe ka, ƙasa na fesar masa fuska, mahayi na ta jan linzami kada a taka na gaba. Haka aka yi wa Lookin At Lucky a 2010. Shi aka fi sa wa rai, aka matse shi a shinge, ya ƙare na shida.

Auta: Allah ya ƙara girma, Kawu. Kun ji dai.

Ɗan Lissafi: Ai Kawu dalili ya kawo, kai lamba ka kawo. Kuma na waje ma da nasa ciwon. Duk mita ɗaya da doki ya yi nesa da shinge, a kwana mai rabin da'ira ya ƙara wa kansa fiye da mita 3, wato ya ɗara tsayin doki guda. Wanda aka tura layi na huɗu a kwana biyu, ku lissafa abin da ya bayar kyauta.

Hajiya: To Malam, ina za mu kai Big Brown da ya ci daga gurbi na 20 a 2008? Rich Strike ma daga can ƙarshe ya tashi a 2022, dokin da ba wanda ya kula da shi.

Kawu Mai Dawaki: Hajiya, ba hanya ɗaya suka bi ba. Big Brown ƙarfi ya fi su da shi, ya biyo ta waje bai damu ba. Rich Strike kuwa mahayinsa ya koma baya ya lallaɓa ciki, na gaba suka ƙone kansu da gudu tun farko, ya zo ya ratsa su. Shi ya sa ni ba na duba gurbi sai na san halin dokin: mai son gaba ne ko mai zuwa daga baya? Sannan in duba nisan ƙofa da kwana. A Derby akwai doguwar miƙa kafin kwana, na waje na da sararin gyara zama. Je ka Chester a Ingila, fili ƙarami, kusan duk lanƙwasa. A gajeren tsere can, mai ƙaramar lamba ya tashi da rabin nasara a hannu.

Hajiya: Wannan na yarda. Amma a filin da yake miƙe sak, ba kwana?

Ɗan Lissafi: Nan sai a duba ƙasa. In an yi ruwa, wani gefen kan riga wani bushewa, kuma gefen da masu zafin gudu suka taru yakan ja na kusa da su.

Auta: Duk na ji. Amma ranar Derby, Asabar ta farkon Mayu, in ƙuri'a ta jefa dokin da kuke so a 17, kada wanda ya kira ni.

Hajiya: In ya ci kuma kashe wayarka za ka yi, mun san ka.