Yaya za a samu murfin haƙori mai yawa daga faifan zirkoniya ɗaya?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum. Faifan zirkoniya (farin tangaram mai ƙarfi da ake sassaƙa murfin haƙori da shi) mai faɗin milimita 98 ya yi tsada, ga shi ana jefar da shi da sauran nama a jiki. Ta ina ake rage asarar?

Mai Injin Sassaƙa: Wa alaikumus salam. Malam, fara da kauri. Murfin haƙorin turmi ɗaya yakan shiga faifai mai kaurin milimita 14, saka shi a na 20 ɓarna ce. Tara aikin da launinsa ɗaya, ka fara jera gadoji (murafan haƙori da ke haɗe da juna) a manhaja ta gefen faifan, sannan ka cike gurabun da ɗaiɗaiku. Tazarar da ke tsakaninsu dole ta wuce kaurin babban tsinken yanka, wanda galibi milimita 2 ne. In ka matse, tsinken zai ci bakin na kusa. Mariƙi uku, wato 'yan sandunan da ke riƙe murfi a jikin faifai, sun wadatar wa murfi ɗaya, amma nesa da bakin murfin, domin can ne yake tsagewa wajen cirewa.

Gwanar Tanda: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Zirkoniya tana tsukewa da kusan kashi 20 cikin 100 wajen gasawa a tanda, kuma kowane faifai da nasa adadin a rubuce. In ka shigar da na wani faifan a manhaja, murfin zai ƙi zama, an yi asarar gurbi. In za a mayar da ragowar faifai, a daidaita alamarsa da ta maƙalin injin.

Mai Injin Sassaƙa: Haka ne. Sai dai faifai mai launi hawa-hawa, kada a karkata haƙori da yawa don neman wuri, launin zai sauka ba daidai ba.