Ƙarar ƙwanƙwasa a injin Corolla: metal ne ko wani abu dabam?

Mai Corolla: Assalamu alaikum. Masana inji, a taimaka a haɗa mana abin da aka sani. Corolla ce ƙirar 2004, inji 1ZZ-FE, giya otomatik. Da safe tana tashi lafiya lau. Sai ta yi zafi, bayan tafiyar kamar minti ashirin, wata ƙara ke fitowa daga ƙasan injin, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga ƙaramar guduma a jikin tukunyar ƙarfe. A silo da ƙyar ake jin ta. Ta fi fitowa idan allurar juyin inji tana tsakanin 2,000 da 3,000, musamman in aka ɗan sassauta totur. Fitilar mai ba ta kamawa, amma motar tana shan baƙin mai kafin lokacin juye ya yi. Wani ya ce metal ne, wato 'yan siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, wani ya ce fambel. Ta ina ake farawa?

Tsohon bakanike: Wa'alaikumus salam. Alhaji, kafin komai ku ajiye motar. In metal ne, kowace tafiya ci take ƙara yi wa karanshaf, kuma abin da yau gyaransa 'yan ƙarafa takwas ne, gobe sai ya koma sayen inji.

Amma kada a sauke injin tukuna. Abubuwa da yawa a wannan motar suna kwaikwayon kukan metal. A fara da zaro sandar mai a ga inda yake. Sannan a cire fambel gaba ɗaya a tayar da injin yana da zafi. Kada ya wuce minti ɗaya, domin fambel ɗin nan guda shi ke juya famfon ruwa da altaneta. In ƙarar ta ɓace, to ku gode wa Allah, matsalar a waje take. Tenshinan fambel na 1ZZ ya yi suna wajen kaɗawa idan ya gaji, kuma ƙararsa tana ruɗar ko wanda ya daɗe a sana'a. A juya kowane fuli da hannu: na altaneta, na kwamfuresa, na famfon ruwa. Wanda borisinsa ya mutu za a ji yana gurza ko yana lilo.

In fambel yana ƙasa kuma ƙarar tana nan, a ɗauki doguwar sukudireba, a dafa bakinta a jikin injin, a kara marikin a kunne. A saurari murfin sama, a saurari gefen sarƙar taimin, a saurari bulok daga ƙasa dab da kwanon mai. Inda bugun ya fi shiga ƙashin kunne, nan gidansa yake.

Mai wayarin: Baba ya faɗi gaskiya. Ni zan ƙara gwajin kashe silinda, wanda shi ne ya fi nuna metal na kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. A riƙe injin a daidai inda ƙarar ta fi fitowa, sai a zare soket ɗin injekta ɗaya bayan ɗaya. Na fi son injekta a kan kwayil, domin in kwayil aka cire, fetur zai ci gaba da zuba ba ya ƙonewa, ya wanke man da ke jikin silinda, ya wuce cikin salansa. Silindar da aka kashe ƙarar ta ragu sosai ko ta canza murya, metal ɗin kwanrod ɗinta ne, saboda an ɗauke masa dukan da fashewar fetur ke yi wa fistin. Fitilar inji za ta kama bayan gwajin, a goge ta da na'ura, ba komai ba ne.

In an kashe duka huɗun ƙarar ba ta motsa ba, a leƙa faifan da ke haɗa inji da giya. A motar otomatik faifan nan yakan tsage a kewayen kusoshinsa, ko kusoshin kwambata, wato tulun giyar da ke ɗaure da faifan, su saki, kuma ƙararsa kamar ta metal sak. Haka gwangwanin da ke kare zafin salansa, in kusa ɗaya ta faɗi, yakan yi kaf-kaf a wani zango na allura kawai.

Bakaniken Toyota: A bambance ƙarar da lokacin da take zuwa, wannan kaɗai yana rage rabin wahala. Wadda ke yin garrr na daƙiƙa ɗaya ko biyu da an murza makulli da safe sannan ta yi shiru, yawanci giyar VVT-i ce, wato mai daidaita lokacin buɗewar bawul, ko sarƙa kafin mai ya iso. Wadda ke ƙwanƙwasa injin na sanyi ta tafi in ya ɗumama, fistin ne ke kaɗawa a cikin silinda. Wadda ke yin kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu ko da kaya, ƙonewar fetur ce ba daidai ba. Ta bawul siririya ce, tik-tik daga sama, kuma saurinta rabin juyin inji ne. Ta Alhaji kuwa tana zuwa da zafi, daga ƙasa, tana bin totur. Mai ya tsinke da zafi, gibin da ke tsakanin metal da karanshaf ya bayyana. Ni dai hankalina ya fi karkata ga metal.

Kada rashin kamawar fitila ya kwantar muku da hankali. Fitilar nan ba ta kamawa sai matsin mai ya kusa ƙarewa ƙaf. A kwance suwicin mai daga bulok a ɗaura geji na hannu, a auna injin yana da cikakken zafi. Abin da Toyota ta gindaya wa wannan injin shi ne aƙalla kPa 29 (ma'aunin matsi) a silo, sannan tsakanin 294 da 539 a juyi 3,000. In ya gaza haka, ko manyan metal sun cinye, ko famfon mai ya gaji, ko rariyar da ke tsotso mai ta toshe. Sai dai a sani, metal ɗin kwanrod guda ɗaya yana iya lalacewa geji ya nuna kusan daidai. Geji mai kyau bai wanke injin ba.

Shan man da kuka ambata shi ne na fi zargi a matsayin tushe. Injinan 1ZZ na farkon shekarun 2000 an san su da wannan: ƙananan ramukan da ke mayar da mai a bayan ringin fistin suna toshewa da dauɗa, ringin ya daskare, injin ya riƙa ƙona mai. Man da yake ɗauka duka kusan lita huɗu ne. In ya ragu da lita ɗaya da rabi, a kwana ko birki mai ƙarfi rariya takan tsotsi iska, kuma daƙiƙu kaɗan ba mai sun isa su goge fuskar metal.

Mai kayan gyara: To me zai hana a zuba masa 20W-50 da ɗan maganin kauri? Da yawa suna yin haka ƙarar ta lafa.

Tsohon bakanike: Tana lafawa a kunne, Malam, ba ta lafawa a ƙarfe. Mai mai kauri yana cike gibin na ɗan lokaci ne kawai, cin yana nan yana tafiya. Kuma injin nan da 5W-30 aka tsara shi, hanyoyin man VVT-i ƙanana ne, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe. Ban yarda da wannan ba ko da niyyar sayar da motar ake yi, domin zalunci ne ga mai saye.

Abin yi shi ne a juye man a faranti mai tsabta a fita da shi rana. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, metal ne ya niƙe. A yanka filta da abin yankan bututu, ba da zarto ba, don kada garin zarton ya ruɗa ku, a buɗe takardar ciki a duba lungunanta. A sa mayen ƙarfe. Garin fuskar metal ba ya kama shi. In ya kwaso gari da yawa, cin ya wuce fuska ya kai ga bayan metal ko karanshaf kansa.

Mai gyaran karanshaf: Daga nan aikin ya zo wajenmu. A kwance kwanon mai da rariya. A juya karanshaf, kwanrod na 1 da na 4 su sauko tare, daga baya na 2 da na 3. A kama kowanne a tura sama a ja ƙasa. Motsin gefe kaɗan dole ne, amma na sama da ƙasa bai kamata hannu ya ji shi ba. A kwance murafun, kowanne a ajiye shi da lambarsa da fuskar da yake kallo, ba a musanya su.

Idan metal yana zaune a gurbinsa, ya goge kawai, kuma wuyan karanshaf sumul yake farce ba ya kama zane, ana iya canza na kwanrod daga ƙasa ba a sauke inji ba. Amma sai an auna. Wuyan milimita 44 ne. A sa maikuromita a wurare biyu, a kuma gicciye, a ga ko ya zama ƙwai. Gibin mai da ake so tsakanin milimita 0.028 ne da 0.060, iyakarsa 0.080. Koren zaren Plastigage ya isa wannan awon: a shimfiɗa shi a busasshen wuya, a ɗaure murfi, kada a juya karanshaf, a kwance a gwada faɗinsa. Akwai lamba 1, 2 ko 3 a jikin murfin kwanrod, metal mai irin lambar ake nema. Ɗaurin kusoshi Nm 20 ne (ma'aunin ƙarfin ɗauri) sannan a ƙara kwana digiri 90, da sifanar awo, ba da ƙarfin damtse ba. Kusoshin nan miƙewa suke yi, wadda ta sirance a canza ta.

In kuwa metal ya juya a cikin kwanrod, za ku ga gindin ya yi baƙi ko shuɗi, harshen da ke riƙe shi ya shafe. Wannan kwanrod ya tashi daga aiki, sabon metal ba zai zauna a cikinsa ba. Karanshaf sai an gurza shi a rage milimita 0.25 a sa metal mai kaurin da ya dace. Manyan metal na 1ZZ kuma ba a kai musu daga ƙasa yadda ake yi a tsofaffin injina, saboda murafunsu a haɗe suke cikin ƙasan bulok guda ɗaya. Dole injin ya sauko. A nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi tsakanin gyara da injin Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma shi ma Beljiyam ɗin a buɗe kwanonsa a gani kafin a biya.

Bakaniken Toyota: Oga ya gama magana, saura wanki, wanda a nan gyara da yawa ke komawa baya. Garin ƙarfen ya zaga ko'ina. A wanke ramukan mai na karanshaf da buroshi da iska, a wanke rariya, a buɗe famfon mai a duba ko ya yi zane, a ciro 'yar rariyar VVT-i da ke jikin kan silinda a wanke ta. Kwanon man injin nan da gam ake liƙa shi, ba gaskit. A ja siririn layi kawai. Gam ɗin da ya yi yawa yakan ɓalle ciki ya toshe rariya, sabon metal ya ƙone cikin mako. Kuma in ba a taɓa ringi ba, shan mai yana nan, sai an riƙa duba sanda kowane mako.

Kafin tayarwa, a shafa wa metal mai, a cire fulogogi da fis ɗin EFI don kada fetur ya zuba, a yi ta murza makulli daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu. Sannan a mayar da komai, a tayar da geji a ɗaure, a bar shi ya yi zafi a silo ana kallon allura. A sake juye da sabon filta bayan kamar kilomita 500, a yanka wannan filtar ma a duba.

Mai Corolla: Allah ya saka da alheri. An cire fambel, ƙarar tana nan. Da aka zare injekta ta 3 sai ta kusa ɓacewa, kuma man yana ƙyalli a rana. Gobe in sha Allahu za a kwance kwano a auna wuyan na 3 kafin a sayi komai.